Masu Zuba Jari a Giyar Inabi Tun Tana Ganga: Tambayoyi da Amsoshi kan Wata Kasuwar Turai

A 'yan shekarun nan tallace-tallacen zuba jari sun cika wayoyinmu. Cikinsu har da na wasu kamfanonin Turai masu cewa ka ba su kuɗi su saya maka giyar inabi mai tsada, su ajiye maka a sito, bayan shekaru ka sayar ka kwashi riba. 'Yan uwanmu mazauna Birtaniya da Faransa sun fi cin karo da irin wannan tayi. Mafi yawan masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma hukuncin giya a wurinsu a fili yake, za mu zo kansa. Duk da haka na ga ya dace a san yadda kasuwar take, domin wanda bai san abu ba shi ake yi wa ado da shi.

Wace giya ake nufi, kuma me ya raba ta da sauran?

Kusan duk giyar inabin da ake yi a duniya ana shanye ta ne cikin shekara ɗaya ko biyu, ba mai ajiye ta don riba. Wadda ake zuba wa jari 'yar kaɗan ce ƙwarai: ta wasu gonaki sanannu, wadda ke iya shekara 20, 30 ko fiye a kwalba ba ta lalace ba, kuma masu shanta suna cewa ƙara kyau take yi.

Cibiyar wannan harka ita ce yankin Bordeaux a kudu maso yammacin Faransa. A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya nemi a jera gidajen giyar yankin, wato gonakin da ke yin ta, daraja-daraja saboda babban baje kolin da za a yi a Paris. Dillalai ne suka yi jerin, kuma ma'aunin da suka bi shi ne farashin da kowane gida yake sayarwa a lokacin. Yau jerin yana da gidaje 61 na jar giya a matakai biyar. Na sahun farko su ne Lafite Rothschild da Latour da Margaux da Haut-Brion, sai Mouton Rothschild da aka ɗaga zuwa cikinsu a 1973. Abin lura a nan shi ne tun asali kuɗi ne ya haifi darajar, daga baya darajar ta koma tana haifar da kuɗi.

Me ake nufi da sayen giya tun tana ganga?

Faransawa suna ce masa en primeur. Ana girbe inabi wajen watan Satumba zuwa Oktoba, a matse, a zuba cikin gangunan katako masu cin lita 225, wato kimanin kwalba 300 kowace ganga. A watan Afrilu na shekarar da ta biyo baya 'yan kasuwa da masu sharhi daga ƙasashe da dama sukan hallara a Bordeaux su ɗanɗana abin da ke cikin gangunan. Daga nan zuwa watan Yuni gidajen sukan riƙa fitar da farashi ɗaya bayan ɗaya. Mai saye ya biya a take, amma kayansa ba za su shiga kwalba su iso gare shi ba sai bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu.

Kuma ba hannu da hannu ake yi da mai gona ba. Gidan giya yana sayar wa manyan 'yan sari na birnin Bordeaux ta hannun dillali mai karɓar la'adar kashi 2 cikin 100. 'Yan sarin su sayar wa 'yan kasuwar Landan ko New York ko Hong Kong, su kuma su sayar wa mutum. Kowane hannu da nasa rabon. Abin da mai saye ke riƙe da shi a waɗannan shekaru biyu takarda ce kawai.

Me ya sa mai gona zai sayar da wuri, mai saye kuma ya yarda da cinikin biri a sama?

Mai gona yana samun kuɗi a hannu tun kafin ya gama ɗawainiyar kayan, ya biya ma'aikata, ya sayi sababbin ganguna, ya sauke wa wani haɗarin faɗuwar farashi. Shi kuma mai saye ana ba shi rangwame ne a madadin jiran da zai yi da kasadar da ya ɗauka. Duk wanda ya san yadda ake sayen hatsi da kaka a zuba a rumbu ana jiran tsadar damina ya san wannan lissafi. Akwai ƙarin dalili guda: tunda giya abin sha ne, kullum ana buɗe kwalabe, kayan kowace shekara raguwa suke yi ba sa ƙaruwa.

To, wannan shi ne tsarin a da, lokacin da gidajen giya ke neman kuɗi ido rufe. Yanzu manyan gidajen suna hannun attajirai da manyan kamfanoni, ba su matsu ba. Sai suka riƙa sa farashin ganga daidai da na tsohuwar giyar da ta riga ta nuna, wani lokaci ma sama da shi. Rangwamen da ya kamata ya zama ladan mai jira sai ya koma aljihun mai gona. Gidan Latour ma ficewa ya yi daga tsarin baki ɗaya a 2012, ya ce zai riƙa ajiye kayansa da kansa ya fitar idan sun isa sha.

Wa ke cewa wannan giyar ta fi waccan?

Masu sharhi, kuma na tsawon shekara 30 kusan mutum ɗaya ne ya riƙe ragamar: Robert Parker, wani lauya Ba'amurke da ya fara buga mujallarsa a 1978. Shi ya yaɗa salon ba wa giya maki har zuwa 100. Sunansa ya fito ne lokacin da ya yaba kayan girbin 1982 tun suna ganga alhali wasu manyan masu sharhi suna ɗari-ɗari, kuma kasuwa ta gaskata shi. Daga nan makinsa ya zama abin da ke ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Ya daina zuwa ɗanɗanar ganga a 2015, ya yi ritaya a 2019, kuma har yau ba a sami wanda ya gaji wannan ƙarfi shi kaɗai ba.

Ka dubi abin da kyau. Makin ana bayar da shi ne a kan ɗan samfurin da gidan giyar ya zaɓa da kansa ya miƙa, daga kayan da ba su gama haɗuwa ba. A kan harshen mutum biyar ko shida ake ɗora miliyoyin kuɗi.

Amma an taɓa cin riba, ko ba haka ba?

An ci, kuma mai yawa. Waɗanda suka sayi kayan 1982 tun suna ganga sun ga kuɗinsu ya ninka sau da yawa. Wannan labarin ne masu talla ke ta maimaitawa har gobe.

Labarin da ba su cika bayarwa ba shi ne na 2008 zuwa 2015. A watan Fabrairun 2008 Hong Kong ta soke harajin shigo da giyar inabi. Sababbin attajiran ƙasar Sin suka yi wa Bordeaux rubdugu, musamman Lafite, wadda ta zama kyautar da ake kai wa manyan jami'ai. Da gidan Lafite ya sanar cewa zai sa alamar lamba takwas ta rubutun Sinanci a kwalaben 2008, lambar da mutanen can ke ɗauka ta sa'a, farashin ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki. Ganin wannan rubdugu gidajen Bordeaux suka fitar da kayan 2009 da 2010 a farashin da ba a taɓa gani ba, mutane kuma suka yi ta saye.

A tsakiyar 2011 kasuwar ta juya. A ƙarshen 2012 Shugaba Xi Jinping ya fara yaƙi da cin hanci, kyautar giya mai tsada ta zama abin tsoro ga jami'an gwamnati. Farashi ya shafe kusan shekara huɗu yana gangarowa. Da yawa daga waɗanda suka sayi kayan 2010 na manyan gidaje tun suna ganga sun yi shekaru suna kallon ana sayar da irin kayansu ƙasa da abin da suka biya. Giyar ba ta canza ba, masu sharhi ba su janye yabonsu ba. Masu saye ne kawai suka janye.

Yaya kasuwar take a 'yan shekarun nan?

Ma'aunin da aka fi dubawa shi ne na Liv-ex, wata kasuwar 'yan sari da aka kafa a Landan a 2000, wadda ke bin farashin manyan giya 100. A lokacin annobar korona kuɗin ruwa ya yi ƙasa sosai a Turai da Amurka, masu hali suna zaune a gida da kuɗi a hannu, sai farashi ya hau. Kayan 2019 da aka fitar a 2020 da rangwame mai kyau sun samu karɓuwa. Hawan ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022.

Daga nan manyan bankuna suka ɗaga kuɗin ruwa don yaƙi da hauhawar farashi. Mai kuɗi ya ga zai iya samun kashi 4 ko 5 cikin 100 daga takardun lamuni na gwamnati ba tare da wata wahala ba, to me zai sa ya bar dukiyarsa a kwalbar da ba ta haihuwa? Ma'aunin ya faɗi a 2023, ya sake faɗuwa a 2024, jimillar faɗuwar ta haura kashi 20 cikin 100. Gidajen Bordeaux suka rage farashin kayan 2023 sosai, na Lafite da kimanin kashi 30 cikin 100, suka sake ragewa a kayan 2024, amma cinikin bai yi armashi ba. Dalilin a fili yake: sitocin 'yan sari cike suke da kayan shekarun baya da suka riga suka nuna, ana sayar da su a farashi ɗaya ko ƙasa. Ba mai biyan kuɗin ɗan maraƙi alhali ga bijimi a farashi guda.

Siyasa ma tana taɓa kasuwar. Amurka ta sa harajin kashi 25 cikin 100 a kan giyar Faransa a watan Oktoban 2019 saboda rigimar tallafin kamfanin jiragen Airbus, aka dakatar da shi a 2021. Wanda ya biya kuɗi yau bai san harajin da zai tarar ranar da kayansa za su iso ba.

Bordeaux ce kaɗai?

A'a. A 2010 fiye da kashi 90 cikin 100 na cinikin Liv-ex na Bordeaux ne, yanzu bai kai rabi ba. Yankin Burgundy a gabashin Faransa ya ja hankali saboda ƙarancin kaya. Gonar Romanée-Conti hekta 1.8 ce kacal, tana ba da kwalabe dubu biyar zuwa shida a shekara ga duniya baki ɗaya. A 2018 an sayar da kwalba guda ta 1945 a gwanjon Sotheby's na New York a kan dala 558,000. Akwai kuma shamfen, wato giyar inabi mai kumfa, irin su Dom Pérignon da Krug, da na Italiya irin su Sassicaia. Sai dai Burgundy da shamfen, da suka fi kowa hawa kafin 2022, suna cikin waɗanda suka fi jin jiki da kasuwa ta juya.

Ina ake ajiye kayan, kuma nawa ajiyar ke ci?

Ba a gida ba. Kwalbar da ta taɓa zama a gidan mutum darajarta ta ragu, domin ba mai tabbacin zafin da ta sha. Ana ajiyewa ne a sitocin da ke ƙarƙashin kulawar kwastan, inda ba a biyan haraji sai ranar fitarwa, cikin duhu da sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 13 ba. Wani sananne a Ingila, Octavian, tsohon ramin haƙar dutse ne a ƙarƙashin ƙasa.

Wannan ajiya da inshora kuɗi ne duk shekara, sannan ranar sayarwa ɗan kasuwa zai cire la'adarsa, sau da yawa wajen kashi 10 cikin 100. Bari mu ƙaddara misali. Mutum ya sayi akwati mai kwalba 12 a kan fam 3,000, yana biyan fam 15 na ajiya duk shekara. Bayan shekara goma farashi ya kai fam 3,600, wato ya hau da kashi 20 cikin 100, kuma haka mai talla zai rubuta. A cire la'ada fam 360, a cire ajiya fam 150, abin da ya rage a sama da uwar kuɗi fam 90 ne. A shekara goma. Ba a ma yi maganar yadda darajar fam ɗin kanta ta zaizaye ba. Gida yana kawo haya, gona tana kawo amfani, saniya tana haihuwa. Kwalba ci take yi, kuma ribarta ɗaya ce tak: a sami wani da zai biya fiye da abin da ka biya.

Akwai jabu da damfara a ciki?

Sosai, kuma manya ma sun faɗa. Rudy Kurniawan, ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, ya yi shekaru yana haɗa giya mai araha a gidansa, yana zubawa a tsofaffin kwalabe da tambarin bogi, yana sayar wa attajirai a gwanjo. Asirinsa ya fara tonuwa a 2008 lokacin da Laurent Ponsot, mai wani gidan giya a Burgundy, ya ga an sa a gwanjo kwalabe masu sunan gidansa ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan nau'in ba sai 1982. An kama Kurniawan a 2012, aka yanke masa shekara goma a 2014.

Wanda ya fi shafar sayen ganga shi ne na kamfanin Premier Cru na garin Berkeley a Kalifoniya. Mai shi, John Fox, ya amsa a kotu cewa ya sayar da giyar da bai taɓa mallaka ba ta kimanin dala miliyan 20, yana amfani da kuɗin sababbin masu saye wajen toshe bakin na baya. Kamfanin ya durƙushe a 2016. Jiran shekara biyun nan shi ya ba shi mafaka, tunda ba mai tsammanin ganin kayansa da wuri. A shekarar ce kuma MMM ta rufe da kuɗin 'yan Najeriya, kuma ginin iri ɗaya ne. A Birtaniya hukumar da ke kula da harkar kuɗi ba ta sa ido kan jarin giya, don haka idan kamfani ya nutse babu asusun diyya da mutum zai dogara da shi.

Musulmi zai iya shiga, tunda ba sha zai yi ba?

Ba zai iya ba, kuma wannan ba wurin saɓanin malamai ba ne. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta umarci a nisanci giya. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wani mutum ya kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kyautar salkar giya. Da aka sanar da shi an haramta ta, sai ya raɗa wa na kusa da shi cewa ya je ya sayar. Annabi ya gaya masa cewa Wanda ya haramta shanta ya haramta sayar da ita, mutumin ya kwance bakin salkar ya zubar. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya ya ambaci mai sayarwa da mai saye da mai cin kuɗinta.

Wanda ya fi kama da tambayarmu shi ne na Abu Ɗalha, da ya tambayi Annabi game da wasu marayu da suka gaji giya. Dukiyar marayu ce fa, abin da shari'a ta fi tsananta kiyayewa. Amma aka ce ya zubar. Ya nemi ko a mayar da ita ruwan khal, aka ce a'a. Idan ba a bar wa maraya ita a matsayin jari ba, ban ga ta inda mai neman ƙarin arziki zai samu ƙofa ba. Kasancewar kayan suna wani sito a Ingila kuma mutum bai taɓa ganinsu ba bai canza komai ba, sunansa ne a takardar mallaka.

To shi biyan kuɗi kafin kaya su samu, shi ma haramun ne?

A'a, kada a haɗa su. Annabi ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin girbi, bai hana ba, sai ya sa sharaɗi: a san mudu, a san awo, a san lokaci. Shi ne cinikin salam a littattafan fiƙihu, kuma bankunan Musulunci suna amfani da shi wajen tallafa wa manoma. Matsalar tana ga abin da ke cikin gangar.

Idan ina da hannun jari a wani asusu na ƙasar waje fa?

Nan ya kamata a bincika, domin giya kan shigo ta bayan gida. Kamfanin LVMH da aka sani da jakunkuna da turare shi ke da Dom Pérignon da Krug da Château d'Yquem. Kamfanin inshora na AXA yana da gidan Pichon Baron a Bordeaux. Ƙa'idar da masu tantance hannun jari bisa shari'a suka fi bi ita ce a fitar da duk kamfanin da giya ce sana'arsa, da wanda kuɗin haram ya wuce kashi 5 cikin 100 na abin da yake samu, sannan a cire ɗan abin da ya gauraya a bayar. Wanda ke son kauce wa wannan bincike yana da asusun da aka riga aka tantance, ga kuma sukuk da gwamnatin Najeriya ta fara fitarwa a 2017.

Su manoman inabin suna cin gajiyar wannan tsada?

'Yan ƙalilan ne. Wannan ɓangaren ya fi taɓa ni, domin mai jin an sayar da kwalba a kan rabin dala miliyan zai zaci duk manomin Bordeaux attajiri ne. Yankin yana da dubban gonaki, waɗanda ake zuba wa jari kuwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, na gaske-gaske ma 'yan gomomi ne. Sauran suna sayar da kwalba a kan 'yan Yuro kaɗan, wani lokaci ƙasa da abin da suka kashe. Ƙungiyar inabi da giya ta duniya ta ce abin da aka sha a 2024 shi ne mafi ƙanƙanta tun 1961, matasan Turai sun rage sha, kasuwar Sin ta ja baya. Ga sauyin yanayi: jaura ta ƙone gonaki a watan Afrilun 2017 da na 2021. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200 don a mayar da giyar da ta yi kwantai sinadarin masana'antu, kuma a Bordeaux aka fara biyan manoma su tumɓuke kimanin hekta 9,500 na inabi, wasu su shuka zaitun, wasu su bar ƙasar ta koma daji.